Ƙato Bayan Ƙato a Bi'ir Ali

Idan ka tambayi Badamasi Abdussamad aikin da yake yi, zai gyara tsayuwa ya ce maka shi ke kula da filin jirgin saman Madina. Gaskiyar magana kuwa, keken guragu yake turawa. Tsoho ko tsohuwa su sauko daga jirgi ƙafa ta ƙi, shi zai ɗora su ya kai su bakin mota. Aiki ne mai lada, kuma ban taɓa jin wanda ya raina shi ba sai shi mai aikin. Maƙwabcina ne a Harra ta Yamma shekara goma sha ɗaya, bango ɗaya ya raba mu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Muna da wata ƙungiya da ake kira Zumuntar Hausawan Madina. Aikinta jana'iza, duba mara lafiya, walimar Salla, da shiga tsakani idan mutum ya samu matsala da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardar zama. Duk shekara uku ake zaɓen shugaba, kuma ɓangare biyu ne ke karawa. Akwai 'Yan Gida, waɗanda kakanninsu suka zo Haji a ƙafa suka zauna har jikoki suka zama 'yan ƙasa. Akwai kuma mu Masu Iƙama, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a da direbobi, masu zama da takardar izini. Kowane ɓangare mutum ɗaya yake tsayarwa. Shekara shida kujerar tana hannun 'Yan Gida, amma a bana mun sa rai ƙwarai, domin muna da Dakta Ubaidullah mai harhaɗa magunguna, mutumin da ko a cikin 'Yan Gidan akwai masu ganin girmansa.

Yadda muke fitar da ɗan takara tun fil azal shi ne zaman shayi. Bayan la'asar a taru a falon Baba Issoufou, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya fi kowa daɗewa a cikinmu. Duk mai son takara ya kama kusurwa guda ya zauna, kowa ya je kusa da wanda yake so. Sai a yi ta shan shayi ana gardama, wannan ya jawo wancan, wancan ya tashi ya koma can. Kafin a ƙare buta ta uku, kusurwar da ta fi cika ta ci. Abin da zaman shayi ke da shi, waɗanda suka san ka su ne masu zaɓe. Matsalar Badamasi ke nan, an san shi.

Sau biyu yana gwadawa. Karon farko mutum biyu suka zauna kusa da shi, saboda a kusurwarsa na'urar sanyaya ɗaki take. Karo na biyu na'urar ta lalace, ya zauna shi kaɗai har aka yi addu'ar tashi.

Da wani ne, da ya haƙura. Badamasi kuwa ya yi nazari ya gano cewa shi ba shi da laifi, tsarin ne bai waye ba. Sai ya buɗe mana wuta a zauren WhatsApp na ƙungiya, saƙon murya kullum, mafi gajarta minti goma sha huɗu. Wai zaman shayi mulkin dattawa ne, wai a manyan ƙasashe jam'iyya buɗe ƙofa take kowa ya zo ya zaɓi ɗan takara, wai shi ya taɓa zama daliget a ƙaramar hukumarsu, don haka siyasar duniya a tafin hannunsa take. Ƙato bayan ƙato yake so, masu zaɓe su yi layi a bayan wanda suke so, a fili, kowa da kowa. Wata guda muna shan wannan azaba, har Baba Issoufou ya kira zama don a huta.

"Kowa da kowan nan da kake ta faɗa, su wa ke nan?" in ji Baba.

"Duk mai jin Hausa da ƙafarsa ke cikin Madina ranar zaɓe, Baba. Ba kati, ba rajista, ba tambaya."

Dakta Ubaidullah ya ɗaga yatsa zai ce wani abu. Badamasi ya juya ya dube shi sama da ƙasa.

"Dakta, tsoron jama'a kake ji ne?"

Dakta mutum ne mai kunya, sai ya sauke yatsansa. Badamasi ya ƙara da cewa a rubuta, duk wanda ya ci ba a canja shi, shi ma ba ya janyewa, don kada dattawa su koma bayan fage su yi abin da suka saba. Aka rubuta. Da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, kusan kowa ya ɗaga, ba don an gamsu ba sai don saƙon murya ya ƙare. Ni ma na ɗaga, kuma har yau ina jin haushin kaina.

A kan matakalar gidanmu ya tona mini asirin dabararsa, bayan ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba, alhali ya riga ya gaya wa mai wanki da mai sayar da burodi. Lokacin Umara ne, jirage na sauka daga Kano da Sakkwato da Yamai ba dare ba rana. Duk waɗannan bayin Allah suna jin Hausa, ƙafarsu kuma tana cikin Madina.

"Dakta na da mutum arba'in," ya ce, yana nuna sama da yatsa. "Ni masu zaɓena daga can suke saukowa."

Washegari ya fara kamfe a wurin aiki. Duk wanda ya hau kekensa ya shiga uku, domin babu hanyar gudu. Ya ɗauko wani tsoho ɗan Gusau yana yi masa bayanin manufofinsa bakwai, bai farga ba sai da ya ɗora shi a motar mutanen Indunusiya, aka tafi da shi otal ɗin da ba nasa ba. Sai bayan azahar aka gano tsohon zaune a tsakiyarsu ana ba shi shinkafa, yana ta godiya ba wanda ke jin abin da yake cewa. Rana ta biyu ya tare wani ayari a bakin ƙofa ya yi musu jawabi na minti ashirin, suna ta cewa amin, amin. Da ya gama ya tambaye su ko za su zo, sai jagoransu ya amsa masa da Faransanci. Mutanen Senegal ne, sun zaci addu'ar maraba yake yi musu. Rana ta uku mudir ɗinsa, wato manajansu, ya kira shi ofis ya ce idan ya sake jin ya yi wa fasinja wata magana da ta wuce sannu da zuwa, to ya ajiye keken ya nemi wani kafilin.

Da ya dawo gida ya shaida wa matarsa Rabi'a cewa mudir ya kira shi ne don neman shawara. Rabi'a malamar makaranta ce, ba ta da yawan magana, amma 'yar kaɗan ɗin da take yi tana shiga jiki. Ta bango na ji ta tana ce masa, da alkunyar da ake kiran sa da ita a nan:

"Abu Sundus, mutanen nan ibada suka zo. Ka bar su su yi abin da ya kawo su."

"Zaɓen shugaba nagari ma ibada ne."

"To ai shi ya sa nake cewa ka bar su."

Ya ce mata mace ba ta san siyasa ba, ya fita yana huci.

Tunda filin jirgi ya gagara, sai ya koma wajen Ya'u, wani direban babbar mota da ke jigilar masu Umara daga Madina zuwa Makka. Ya'u ya ce ranar Asabar zai kwashi ayarin Sakkwatawa mutum casa'in, mota biyu, shi da abokin aikinsa. Duk mai tafiya Makka daga Madina dole ya tsaya a Bi'ir Ali, nan ne miƙati, nan ake wanka a ɗaura harami a yi niyya. Badamasi ya ruga wajen Baba Issoufou ya dage a yi zaɓen ranar Asabar bayan azahar, a wata istiraha, irin gidajen hutun nan da ake haya don taro, wadda ke bayan masallacin miƙatin kaɗan. Shirinsa shi ne motocin su fara biyowa ta istiraha, baƙi su ci shinkafa da kaza, su tsaya a bayansa minti biyar, sannan su wuce su ɗaura haraminsu. Ya sa aka ɗinka huluna casa'in da sunansa a goshi, ya sayo kwalbar turaren udu mai kauri, ya kuma aro mishlahi, alkyabbar Larabawa, a wajen wani mutum da ya fi shi tsawo da kamu guda.

Ranar Asabar mu Masu Iƙama muka hallara, maza da mata ba mu kai hamsin ba. An ja igiya a tsakiyar farfajiya, maza a dama, mata a hagu. Dakta ya zo da jallabiyarsa ta kullum ya zauna a inuwa. Badamasi kuwa yana bakin ƙofa cikin mishlahi yana jan sa a ƙasa, kwalbar turare a hannun dama, huluna a hammata, kaskon turaren wuta biyu na hayaƙi a gefensa. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa ya ƙara haƙuri, jama'ar gaskiya na hanya. Ya matso kusa da Dakta ya ba shi shawara ya janye tun da girma, kafin ya ga abin da zai hana shi barci.

Ƙarfe uku saura motocin suka kunno kai. Tun kafin su tsaya na jiyo talbiyya na fitowa ta tagogi, Labbaika Allahumma labbaik. Duk wanda ya yi wata guda a Madina ya san ba a wannan sai an riga an ɗaura harami. Na buɗe baki zan yi masa magana, amma ya riga ya yi gaba yana cewa in ji su da kuzarinsu.

Wanda ya fara saukowa wani tsoho ne siriri, kai babu hula, fararen mayafai biyu a jikinsa. Badamasi ya cafke hannunsa ya shafe shi da udu tun daga yatsu har gwiwar hannu, sannan ya kifa masa hula a ka ya danna.

Talbiyya ta tsaya cak. Mai harami ba ya shafa turare, namiji kuma ba ya rufe kai, wannan ko 'yan makarantar allo sun sani. Badamasi ya haɗa wa bawan Allah duka biyun a numfashi guda.

Tsohon ya cire hular a hankali ya dube ta, ya sunsuna hannunsa, ya dubi Badamasi. Sai a lokacin mutumin naku ya ga fararen mayafan da idonsa na gaskiya. Ya ce subhanallahi, ya zaro jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu daga aljihu ya shiga goge wa tsohon, ashe ita ma mai ƙamshin lemo ce. Wani ya ce a kawo ruwa. Badamasi ya juya da sauri zai ɗauko, gefen mishlahi ya ja kaskon turaren wuta ya kife, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar motar. Matan da suka fara saukowa suka koma ciki da gudu suna toshe hanci da mayafi.

Nan take gardama ta kaure a cikin ayarin. Wani ya ce sai tsohon ya yanka rago, wani ya ce azumi uku ya isa, malamin ayarin ya ce babu komai a kansa tunda ba da ganganci ya yi ba, ya wanke kawai. Shi dai tsohon ido ya zuba wa Badamasi. Kana ganin maganganun da suka taru a bakinsa, manya-manya, amma mai harami ba ya zagi ba ya jayayya. Daga ƙarshe ya ce:

"Yaro, shekara ashirin ina jiran wannan rana. Yanzu bakina a ɗaure yake. Amma idan na kammala Umara, ina da magana da kai. Ya sunanka?"

Wani daga baya ya ce sunan na nan a jikin hular.

Badamasi ya koma kan Ya'u yana tambayarsa wane ne ya ce a fara kai su miƙati. Ya'u ko a jikinsa. Ya ce jagoran ayari ne ya ga masallacin babu cunkoso ya ce a fara da abin da ya kawo su.

"Kai cewa ka yi in kawo maka mutum casa'in masu jin Hausa. Ga su nan. Ba ka ce mini da riga ko ba riga ba."

Jagoran ya ce kowa ya koma mazauninsa, babu mai taka wannan gida. Shinkafar dai ba ta yi laifin komai ba, don haka Ya'u da abokinsa suka kinkimi farantan suka shigar mota, wai a ci a hanya. Motocin suka tashi. Badamasi ya bi su da gudu yana roƙon ko minti biyu ne su tsaya, ba sai sun sauko duka ba. Bai yi taku goma ba ya taka bakin mishlahi ya kife a kan tsakuwa, huluna suka watse a titi.

Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki, kuma ba ni kaɗai ba. Muka ce shi ke nan, Allah ya raba mu da fitina, Dakta ya ci.

Baba Issoufou ya ce lokaci ya yi. 'Yan takara biyu suka tsaya gab da igiyar suna fuskantar bango, kuma ƙa'ida ce ba mai waiwayawa sai an gama ƙirga. Muka jeru a bayan Dakta, mata ma suka jeru a nasu gefen daidai da shi. Bayan Badamasi babu ko kyanwa. Yana tsaye da ƙura a gemu, kafaɗunsa sun sauka, har na ji ya ɗan ba ni tausayi.

Sai muka ji ƙarar motoci a waje, ƙofofi na buɗewa ana rufewa. Kafaɗun Badamasi suka tashi. Ya karkata kai wajen Dakta ba tare da ya juya ba, ya ce:

"Sun dawo. Na gaya maka jama'a ba ta cin amana."

Ni da nake ƙarshen layi ina ganin ƙofa, na san ba su ba ne. 'Yan Gida ne, cikin fararen jallabiyoyi da jan ƙyalle a ka, tsofaffi da samari da matansu, a gabansu kuma Abdulazeez, ɗan takararsu da za mu kara da shi mako mai zuwa. Baba Issoufou ya tare shi a ƙofa ya tambaye shi a hankali abin da ya kawo su. Abdulazeez ya amsa yana kiran sa Ammu, wato baffa:

"Ammu, mun ji an ce duk mai jin Hausa da ƙafarsa ke Madina. Mu a nan ma aka haife mu."

Wani daga cikinmu ya ce samarin nan ai ba su iya Hausar ba. Baba ya tambayi ɗaya ko yana jin abin da ake faɗa, saurayin ya ce aiwa, wato e, ya kuma maimaita masa tambayar tasa tsaf da Larabci. Baba ya zaro takardar da aka rubuta ranar zama ya karanta, ya sake karantawa, ya ninke ta ya matsa gefe. Dakta ya sunkuyar da kai. Abin da ya ɗaga yatsa zai faɗa ke nan tun ranar farko.

Suka shigo shiru, ba hayaniya, suka jeru a bayan Badamasi har layin ya lanƙwasa ya bi jikin katanga. Baba ya ƙirga maza, wata dattijuwa ta ƙirga mata. Dakta arba'in da huɗu. Badamasi sittin da bakwai.

Bai ma jira ya juya ba. Ya ɗaga hannu biyu ya fara yi wa bango jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa talakawa da suka karya mulkin shayi, ya ce ya yafe wa duk wanda ya yi masa dariya, ya ce yau an ga wanda jama'a ke so. Sai da ya kai manufa ta uku sannan ya waiwayo.

Abdulazeez ne a gaban layin. Ya rungume shi ya sumbaci goshinsa.

"Mabruk, ina taya ka murna, ya Abu Sundus. Wallahi da Dakta ne ya fito, da mun sha wuya mako mai zuwa. Kai kuwa Allah ne ya kawo mana kai. Khalas, shi ke nan, sai mun haɗu."

Badamasi ya zame jikinsa daga rungumar. Ya bi layin nasa da kallo, sannan ya bi shi da ƙafa, fuska bayan fuska, yana neman ko mutum ɗaya daga cikinmu. Ya kai ƙarshe ya dawo. Ya je wajen Baba Issoufou ya ce cikin ƙaramar murya wai ya yi tunani, don haɗin kan jama'a zai bar wa Dakta. Baba ya buɗe takardar ya ɗora yatsa a kan layin da shi Badamasin ya ce a rubuta, ya riƙe masa ita daidai hanci har ya karanta.

Mu dai muna tsaye muna kallo. Kujerar da muka jira shekara shida ta tafi, kuma da hannunmu muka ɗaga aka tafi da ita.

Badamasi ya juya gefen mata. Rabi'a na nan tsaye a layin Dakta, ta uku daga gaba, jakarta a hannu, ba ta ko ɓoye fuska ba. Ya matsa bakin igiyar.

"Har da ke, Rabi'a?"

"Na yi iya ƙoƙarina in cece ka, Abu Sundus," ta ce. "Ƙuri'a ɗaya gare ni."